Bindigar Baba da Talabijin ɗin Bango

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaban", ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Waɗanda kuma suka ce Yaya mutumin kirki ne, ni ne mai neman rigima, ku karanta wannan tukuna sai mu yi magana.

* * *

Ko sallama ban yi ba na faɗa falon.

Gem ɗin Baba yana hammatata, bindigar robar a hannuna, wayarta tana jan ƙasa. Yaya yana zaune a doguwar kujera da kayan ofis, ya cire takalmi ɗaya, yana latsa waya. Sabuwar talabijin ɗin da ya sayo tana manne a bango, faɗinta ya kusa na ƙofa.

"Ina ka kai kayan Baba?" ya ce, bai ɗago ba. "Da ya farka su zai fara tambaya."

"Asibiti na kai su."

"Ban gane ba."

"Na ga kowa a gidan nan ya yarda hannun Baba ne ba shi da lafiya. Na ce bari a duba bindigar ita ma."

Sai a lokacin ya ajiye wayar.

Wanda bai san Babanmu ba zai ce wane irin dattijo ne wannan da bindigar wasan yara. Direban doguwar bas ne tun kafin a haife ni. Shi ya saya wa Yaya gem ɗin yana ƙarami, irin na da mai kaset, amma a ƙarshe shi ya ƙwace shi. Duk ranar da zai yi tafiya mai nisa sai ya tsaya a tsakiyar falo ya harbi tsuntsaye zagaye ɗaya. In suka zubo, ido da hannu sun shirya, ya ɗauki makulli. In suka tsere masa, ya kira tasha ya ce a ba wani lodin, ya koma ya kwanta. Abokan aikinsa sun sha yi masa dariya. Bai taɓa jefa fasinja a rami ba.

Da ciwon nan ya taɓa ɓarinsa na dama, likita ya ce a raba shi da sitiyari. Baba ya ce likita bai san shi ba, bindiga ce ta san shi. Aka yi alkawari a gaban Umma: makulli yana hannunta, ranar da ya zubo tsuntsayen nan kamar da, ta mayar masa. Ya dage da zuwa gashin ƙashi a asibiti, ya dage da matsa ƙwallon roba, har ya koma riƙe cokali, ya koma saka maɓallin rigarsa da kansa. Ana gobe zai gwada, wai tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙusumbi ta ƙone. Yaya ya shigo da wannan ta bangon.

Ni lokacin ina wani gari ina kai saƙo a babur. Na dawo na tarar Baba ya daina zuwa gashi, ƙwallon tana ƙarƙashin kujera. Kullum da safe ya harba, kullum tsuntsayen su tashi su bar shi a tsaye.

"Shagon Dogo mai gyara na je," na ce wa Yaya. "Yana da tsohuwar talabijin a can ciki, wadda yake ɗora kofin shayi a kanta. Muka jona. Duk wanda na nuna sai ya faɗo. Dogo da hannun hagu ya harba yana cin gyaɗa, ya faɗo."

"To sai me?"

"Bindigar lafiyarta ƙalau."

"Madalla. Ka ga ke nan matsalar ba daga ita ba ce."

"Daga wannan allon naka ce."

Ya yi 'yar dariyar nan ta hanci, wadda yake min tun ranar da na bar makaranta.

"Injiniya ya dawo."

"Kira ni duk abin da ka ga dama. In aka ja kunamar bindiga, allon yana yin baƙi na ƙiftawar ido, sai farin tabo ya fito daidai inda tsuntsun yake. Wannan farin ne idon bindigar yake nema. Tsohuwar talabijin nan take take nuna shi. Wannan taka sai ta tsaya ta yi wa hoto kwalliya tukuna, ga kwanbata, ɗan akwatin da ke haɗa gem ɗin da ita, shi ma yana jan ƙafa. Kafin farin ya fito, bindiga ta gama dubawa ta ce babu kowa. Ko maharbin duniya ka kawo, ko sauro ba zai kashe a kanta ba."

"Dogo ne ya ba ka wannan karatun?"

"Karatun da ka riga ni sani."

Ya gyara zama. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"A gaban Baba na harba," ya ce. "Ranar da na haɗa ta. Tambaye shi. Ya ce ko talabijin ce, na karɓi bindigar na zubo su duka yana kallo."

"Ya faɗa min. Shi ya sa ya yarda hannunsa ne." Na miƙa masa bindigar. "Sake zubo su. Yau ni zan kalla."

"Ba ni da lokacin wasan yara."

"Na Baban ne wasan yara?"

"Ka iya bakinka."

Ban kula shi ba, na durƙusa gaban talabijin ɗin. Wayar gem kai biyu gare ta, rawaya na hoto, fari na sauti, wannan allon kuwa ba shi da ramin ko ɗaya. Sai ka cusa su a ɗan akwatin kwanbata, ka ba shi wuta da cajar waya, sannan ka ja faffaɗar waya daga jikinsa zuwa bayan talabijin. Na hura kaset ɗin yadda Baba yake yi, na danna shi. Hoto ya fito a baje, tsuntsayen sun yi faɗi kamar an zauna a kansu.

Na ɗora bakin bindigar a jikin gilashin, daidai kan tsuntsun, har tana ƙwanƙwasa shi. Na ja. Ya tashi abinsa. Na bi na gaba, na ja. Shi ma ya tafi.

"A ƙirjinsa na ɗora. Ka gani?"

"Na ga kun buɗe ta a shagon abokinka kun lalata."

"Ba wanda ya buɗe ta."

"Me ka taɓa taɓawa ya zauna lafiya? Makaranta? Shagon ɗinkin da aka kai ka? Wurin wankin mota? Kai dai kullum sai ka samo wanda za ka ɗora wa laifi. Lokacin da ake ɗaga Baba a kai shi bayi a dawo da shi, kana ina? Kana can kana zaga gari da abincin mutane a bayanka."

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na juya ga allon, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na ƙani da yaya ba ne.

Hoton ya fara rawa, alamar wayar ba ta zauna ba. Na zura hannu bayan allon in danna ta. Yatsana ya taɓa wani abu a gefe, ɗan ƙarami, a soke.

Filas.

"Bar wannan," in ji Yaya.

Da sauri ya faɗa. Saurin ya yi yawa.

"Na mene ne?"

"Aikin ofis."

"A bayan talabijin?"

Rimot yana kan tebur tsakanina da shi. Tare muka kalle shi. Shi takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, ni kuma da gudu nake cin abinci. Na riga shi.

Ya caɓe min wuyan riga ta baya. Na bar masa rigar, na ci gaba da dannawa. Abu ɗaya ne rak a cikin filas ɗin. Na buɗe.

Ciyawa ta fito. Sararin sama ya fito. Kiɗan gem ɗin sak, babu bambanci. Tsuntsu ya tashi, aka ji tas, allo ya ƙifta, ya faɗo yana juyi. Wani ya tashi. Tas. Ya faɗo.

Bindigar tana kwance a kan tebur. Ba wanda ya taɓa ta.

Yaya ya saki rigata.

"Bidiyo," na ce. Muryata ma ban gane ta ba. "Bidiyo ka kunna wa Baba. Ka tsaya da bindiga a hannu, rimot a aljihu."

"Rage murya."

"Sau nawa ka kalla kafin ka haddace inda za su ɓullo? A ofis ka yi atisayen ko a mota?"

"Na ce ka rage murya, barci yake."

"Ubanka ne fa. Ya tsaya yana kallonka, ya ce ashe ni ne, kana ji ka bar shi ya faɗa. Ka ci abinci ranar? Ya wuce maka?"

"Kai ba ka san komai ba."

"Na san wannan." Na nuna allon. Tas. Wani ya faɗo.

Labulen kicin ya ɗaga. Umma ce, hannunta a jiƙe, tana gogewa da gefen zani.

"Umma, zo ki gani. Zo ki ga aikin ɗanki na fari, wanda ake cewa in yi koyi da shi."

Ta kalli allon. Ta kalli bindigar a kan tebur. Tsuntsu ya faɗo a gabanta babu maharbi, ba ta ce ko mene ne wannan ba.

"Kashe abin nan," ta ce.

"Kin gane kuwa? Bidiyo ne. Da shi ya yaudari Baba."

"Auta, na ce ka kashe."

"Tambaye shi ina ya kai tsohuwar talabijin ɗinmu. Wai ta ƙone. Wa ya ga hayaƙi? Wa ya ji ƙauri? Wa ya ga wanda ya fita da ita?"

"Tana ɗakina."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Bayan durowa," ta ce. "Na lulluɓe ta da bargo. Babu abin da ya same ta."

Na juya wajen Yaya. Ya sunkuya, wai neman ɗayan takalminsa yake, alhali yana gabansa.

"Shi cewa ya yi zai canza mana talabijin," in ji Umma, "amma a bari sai bayan gwajin, don bindigar ba ta aiki da na zamani. Ni na ce ya sayo a ranar. Bidiyon ma sai da na yi masa kuka kafin ya yarda. In zagi ka zo yi, ga ni, ka bar yayanka."

"Umma."

"Na'am."

"Ke kika riƙe makullin. A gabanki aka yi alkawarin. Kika ce Allah ya kai mu."

"Na ce."

"Kin san abin da ya ce min jiya? Na kai masa ruwa, ya riƙe hannuna ya ce, Kwandasta, na zama kaya, a nemi inda za a jingine ni." Kwandasta yake kirana tun ina yaro, don duk hutu ina maƙale a ƙofar bas ɗinsa. "Mutumin da aka ce min yana matsa ƙwallo har gumi ya keto masa. Kun kashe shi a zaune."

"A zaune dai," ta ce. "Ina ganinsa, ina ba shi abinci, yana min faɗa gishiri ya yi yawa. Ka san inda ciwon ya same shi? A tasha. Mota a cike, ya ɗaga ƙafa zai hau. Da ya ƙara jinkiri kaɗan a kan titi zai same shi, da matan mutane da 'ya'yan mutane a bayansa. Ni aka kira. Kai wayarka a kashe take."

"To ku faɗa masa gaskiya mana. Ku ce Baba, ba za mu ba ka makulli ba. Ya yi fushi ya gama."

Yaya ya miƙe, takalmin a hannunsa.

"Ka taɓa ce wa Baba a'a? Likita ya faɗa masa, Baba ya ce lasisinsa ya girmi likitan. Kawu ya faɗa masa, ya daina ɗaga wayarsa. Abu ɗaya yake saurara a duniyar nan, wannan robar."

"Shi ya sa kuka sa ta ta yi masa ƙarya."

"E," in ji Umma. "Kuma in da hali gobe ma zan sa."

"In ya warke fa? In hannun ya dawo fa? Ko dama ba ku ba shi ba. Kun zauna ku biyu kun yanke hukunci, kuka bar shi yana tashi da sassafe yana wanke fuska yana shiri, kuna kallo."

"Ni nake zaune da shi. Na san abin da nake gani."

"Me kike gani?"

Idonta ya wuce ni, ya tsaya a bakin lungun da ke zuwa ɗakuna.

A bayana aka ji tas.

Baba ne. Singileti da wando, sanda a hannun hagu, shatin matashi a kumatunsa. Ba mu yake kallo ba. Allon yake kallo.

Ban san tun yaushe yake wurin ba. Na ɗaga rimot zan kashe, ya ce, "Bar shi."

Ya tako a hankali, ƙafar dama tana ɗan ja. Ya jingine sandar a jikin kujera. Ya ɗauki bindigar daga tebur, ya nuna silin da ita, bai ja komai ba. Tas. Tsuntsu ya faɗo. Ya nuna ƙasa. Tas. Wani ya faɗo.

"Ashe na ƙware," ya ce. "Yanzu ko kallonsu na yi mutuwa suke."

Ba wanda ya yi dariya.

"Baba," in ji Yaya, "bari in yi maka bayani."

"Ai ka yi min. Ranar nan. Har da rufe ido ɗaya." Ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ni na koya maka rufe idon nan. A kan kujera kake tsayawa saboda ba ka kai ba."

Yaya ya ajiye takalmin da ke hannunsa.

"Ke kuma," ya ce wa Umma, "kullum da safe ki kawo min shayi, ki ce kar ka damu Malam, gobe za ka samu."

"So nake ka rayu, Malam."

"Na ji. Sai kika bar ni ina zagin hannuna. Har marinsa na yi, kina zaune a wurin nan kina tsince wake."

Umma ta kama gefen zaninta ta matse. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, wataƙila da na huce.

"Kwandasta."

"Na'am, Baba."

"Na ji an ce bayan durowa. Ɗauko."

Na nufi lungun. Yaya ya riga ni, ya tare hanya da hannu.

"In ka fito da ita, duk abin da ya biyo baya a wuyanka."

"Matsa."

"Ba ka san abin da kake yi ba. Ba ka taɓa sani ba. Za ka kunna wuta ka hau babur ɗinka ka tafi, mu ka bar mu da ita."

"Matsa, ko in bi ta kanka."

"Bar shi," in ji Umma. "Tunda shi kaɗai ne mai son ubansa, bar shi."

Ya sauke hannun.

Tana can kuwa, a lulluɓe kamar mara lafiya. Na yaye bargon. Nauyinta sai ka ce buhun siminti, na rungume ta a ciki, na ciji wayar wutar da haƙori don kar in taka. Na fito ina haɗa hanya, gefenta ya goge min fatar hannu a jikin ƙofa, ban ma ji ba sai daga baya. Na dire ta a kan teburinta na da. Shatin gindinta yana nan a jikin katakon, ta zauna a ciki daram.

Na fizge wayoyin daga kwanbata, na jefa shi kan kujera kusa da Yaya. Rawaya a ramin rawaya, fari a ramin fari. Babu mai shiga tsakani. Na danna maɓalli, ta yi tum, siririyar ƙarar nan tata ta taso, gilashin ya ja gashin hannuna. Hoto ya fito a hankali, kamar mai tashi daga barci. Tsuntsayen sun dawo da girmansu.

Yaya da kansa ya zare wayar ta bangon. Bidiyonsa ya mutu.

Umma ta shiga ɗaki ta fito. Makullin bas ne a hannunta, da tsohuwar fatar da Baba yake rataye shi. Ta ajiye shi a kan talabijin ɗin.

"Alkawari ne," ta ce. "Ga shi nan."

Ta koma kujerar da ke bakin ƙofa ta hagu ta zauna. Yaya ya tsaya a kanta, ya harɗe hannu.

Baba ya je inda kafet ya siɗe, wurin tsayuwarsa na shekara da shekaru. Na miƙa masa sanda, ya ture. Sai na tsaya a damansa, dab da shi, ko ƙafar za ta gaza in tare.

Ya ɗaga bindigar da hannun dama. Hannun ya yi rawa. Ya ja numfashi, ya rufe ido ɗaya. Rawar ta lafa.

Na danna masa farawa.

Tsuntsu ya tashi daga hagu.

Tas.

Ya faɗo. Na gaske, ba na filas ba.

Na ji numfashin Baba ya canza. Wani ya tashi, bai ma gama buɗe fiffike ba ya same shi. Wani ya zo da gudu yana karkacewa, Baba ya bi shi da hannu kamar yana shan kwana, ya sauke shi. Na leƙa ta bayan Baba na kalli Yaya, kallon da na daɗe ina tara masa. Bai kalle ni ba. Umma ma ba allon take kallo ba. Fuskar Baba take kallo.

Sai wani ya taso daga gefen dama.

A hankali yake tafiya, yana kaɗa fiffike a fili, irin wanda ko ɗan yaye aka ba bindiga zai samu. Bakin bindigar Baba yana tsakiyar allo. Bai motsa ba. Jira yake, kamar babu komai a gabansa. Sai da tsuntsun ya ratso tsakiya Baba ya zabura, ya ja.

Ya faɗo.

Na ce a raina saiti yake yi. Dattijo ne, ya san abin da yake yi.

Na hagu ya zo, ya sauke shi tun daga ciyawa.

Wani ya sake tasowa daga dama. Wannan bai zo tsakiya ba. Ya yi ta shawagi a gefensa, ya sauka, ya hau, ya sake sauka. Na ji bakina yana so ya ce Baba ga shi can. Bindigar tana nan inda take. Tsuntsun ya gaji, ya yi sama ya fice, gem ɗin ya yi ƙarar da yake yi in an rasa.

Baba ya ɗaure fuska.

"Me kuma ya yi ƙara? Ai ba su sako komai ba."

Umma ta sunkuyar da kai.

Sauran duk daga hagu suka fito, kamar an roƙe su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsira. Gem ɗin ba ya neman a kashe duka, in an rasa ɗaya yana yafewa. Allo ya yi haske, kiɗan nasara ya tashi, kiɗan da muka taso muna ji da safe kafin ƙarar bas.

Baba ya sauke bindigar. Dariya yake, da rabin bakinsa mai motsi, hawaye yana bin kumatunsa. Tun da na dawo ban ga haƙoransa ba sai yau.

"Kun gani?" ya ce wa Umma da Yaya. Ya ɗaga hannun dama yana juya shi. "Hannun da kuka binne ke nan. Ku kalle shi da kyau."

Na ɗaga masa babban yatsa, yadda nake yi in mota ta cika. A gefen fuskarsa, kusa da idonsa na dama.

Bai ƙifta ba.

Na kaɗa hannun. Na buɗe yatsuna duka na kaɗa, har iskar tana taɓa gashin girarsa.

Yana ta dariya.

"Kwandasta," ya ce, yana leƙa ƙofa ta bayan Yaya. "Ina yaron nan ya shiga kuma? Shi ba ya zama wuri ɗaya. Ku kira min shi ya miƙo min makullina, shi ya yi wahalar."

Ina tsaye a damansa. Kafaɗata tana gogar tasa.

Umma ta ɗago ta dube ni. Idonta a bushe.

"Ana kiranka," ta ce. "Miƙa masa."